Bauta ta ƙare a takarda, amma sai ranar neman aure za ka sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abun da ya daɗe yana cina, don na gaji da yinsa a majalisa ana cemin "kai dai ka fiya tone-tone".

Duk watan Yuni in baƙaƙen Amurka suna bikinsu na tuna ranar 19 ga Yunin 1865 da aka sanar da bayin Texas cewa sun zama 'ya'ya, zakaga mutanenmu a Facebook ana ta tsine wa Turawa, ana ɗora hoton jirgin ruwa da sarƙa a wuya, wasu har Badagry da Elmina sun je sun ɗauki hoto a bakin ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgin ruwa. Ni ban ce kar a tsine ba, abun da aka yi wa mutanen nan zalunci ne tsagwaronsa, kuma akwai Hausawa a cikinsu, tunda har tawaye suka yi a Bahia ta ƙasar Brazil a 1835 tare da Yarbawa, an same su da layu da rubutun allo a jikinsu. Amma laifi tudu ne. Mu namu fa?

Shekara huɗu kenan wani yaro ya fito neman ƙanwata. Yaro ne wanda ba a ce masa komai, yana koyarwa a makarantar sakandare, yamma kuma yana da ɗan shagon gyaran waya, in ya zo gidanmu daga soro yake cire takalmi. An kawo kuɗin gaisuwa, an raba goro da alawa a dangi, har an fara maganar sa rana bayan babbar sallah. Sai kawunmu yace shi bai gamsu ba sai yaje garinsu yaron ya binciko asali. Ya hau mota yayi kwana biyu ya dawo, ina zaune a ɗakin Baba ya shigo, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba yace "Yaya, a mayar musu da kuɗinsu, mutanen rinji ne, kakan ubansa sayo shi aka yi." Shikenan fa. Bai ce yana shaye-shaye ba, bai ce baya sallah ba, bai ce akwai sata ko hauka a gidan ba. Baba yayi shiru can yace "toh Allah ya zaɓa abun da ya fi alheri". Kuma wallahi ni aka aika na mayar da kuɗin, a cikin ambulan ɗin da suka kawo shi, ko buɗe shi ba a yi ba. Wan babansa ne ya karɓa, dattijo, ya kalle ni kawai yace "ba komai ɗana, mun gane." Wannan "mun gane" ɗin har yau tana min yawo a kunne, don alama ce ba ranar aka fara musu ba.

Abun da yasa nake rubutun nan shine yaranmu da yawa sun ɗauka bauta abu ne na Turawa da bakin teku kawai. Ba haka bane. Lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, masu binciken tarihi sun ƙiyasta bayin da ke daular sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. A kasuwar Kurmi ana cinikin mutum kamar yadda ake cinikin jaki, a duba haƙori a duba ƙafa. Gandayen sarki irin su Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa waye yake nomansu? Bawa zai fita gandun ubangidansa tun safe sai wajen azahar, sannan da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya tafi gayaunarsa ya noma abun da zai ci. Kalmomin ma suna nan a bakinmu, rinji, kuyanga, ƙwarƙwara, sa-ɗaka, bacucane, murgu, harshe baya ƙirƙiro suna ga abun da babu shi.

Kuma yadda aka ƙare ta ma shi ya jawo wannan kunyar da muke fama da ita. Mu ba a yi wata rana ɗaya da aka buga ganga aka ce kowa ya zama ɗa ba. Lugga, gwamnan Turawa, ya hana farautar bayi da cinikinsu, yace duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma waɗanda suke hannu sai aka barsu a hannun, don yana tsoron in gandaye suka watse sarakunan da yake mulki ta hannunsu zasu juya masa baya. Mai son 'yanci sai dai ya yi murgu, wato ya fita yayi sana'arsa yana biyan ubangidansa wani abu, a gefe yana tara kuɗin fansar kansa, in ya cika a je gaban alƙali a rubuta. Kaji fa, mutum ya sayi kansa da guminsa daga hannun wanda ƙila shi ya sato shi. Sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Wannan shekarar ba nisa bace, akwai tsofaffin da aka haifa kafin ita suna nan da ransu. Toh tunda a hankali ta mutu ba wanda ya tsaya yace an yi kuskure, ba wanda ya nemi gafarar wani, masu bayi suka yi shiru jikokin bayi suka yi shiru, wasu suka bar gari suka canza suna, magana ta koma cikin ɗaki sai an zo aure ko rabon sarauta ko limanci a zaro ta kamar wuƙa.

'Yan uwanmu na Nijar su kam sun ɗan fi mu buɗe baki, watakila don abun ya fi tsanani a can. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta daɗe tana faɗa, a 2003 aka yi dokar da ta mayar da bauta babban laifi, sannan a 2008 kotun ECOWAS ta yanke wa gwamnatin Nijar hukuncin biyan Hadijatou Mani sefa miliyan 10 saboda ta kasa kare ta, yarinyar da aka sayar tana shekara 12 aka yi wahaya da ita, wato mace ta biyar ɗin nan da ake ƙarawa kan mata huɗu, ba sadaki ba ɗaurin aure. A zamaninmu fa, muna kallon ƙwallo a talabijin ake wannan. Mu kuma nan muna yi wa Inyamurai dariya kan maganar osu, wai suna ƙin aurar da 'ya'yansu ga wasu gidaje, kamar mu ba ma yi, namu dai mun sa masa suna mai daɗi ne wai "asali".

Abun da ya fi ɗaure min kai masu yin wannan sune masu kawo aya. Kawun nan nawa kullum yana sahun gaba. Na tambaye shi Bilal fa? Zaidu ɗan Harisa da Annabi (SAW) ya aurar masa da Zainab 'yar gwaggonsa fa? Abu Zarri da ya goranta wa wani da uwarsa me aka ce masa, ba cewa aka yi akwai sauran jahiliyya a tare da shi ba? Sai yace min ni yaro ne, addini daban al'ada daban, kuma wai "hali a jini yake". Na ce toh sarakuna nawa ne ƙwarƙwara ta haifa kuma muke faɗuwa muna gaishe su? Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano ba daga bayin sarki sarautun suka fito ba, wa ya isa ya raina su a da ko a yanzu? Ashe dai talakan bawa ne abun gori, wanda ya yi kusa da mulki kuwa an manta.

Bari in ƙarasa da abun da ya faru bayan nan, don shi ya hana ni barci. Kakarmu ta wajen uba tana da rai lokacin, ta tsufa sosai bata fita. Da taji an fasa auren kuma taji dalili, sai ta sa aka kira mata Baba da kawu, nima na laɓe a bakin ƙofa. Tace musu kun tuna kakarku, mai tsagen nan a goshi da babu mai irinsa a duk danginmu, wadda Hausarta bata fita har ta rasu? Suka ce eh. Tace toh tana yarinya aka kamo ta daga wajen duwatsun kudancin Bauchi, babana ya saye ta ya sa ta ɗaka, ita ta haife ni, bata taɓa komawa garinsu ba kuma sunan da kuka santa da shi ba nata bane, in tana daka wani lokacin zakaji tana waƙa da yaren da ba mai ji. Ɗakin yayi tsit. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa, can sai yace "ai Inna wannan ta wajen mace ne, daban ne."

Ba a dawo da maganar auren ba. Ƙanwata tayi aure bara, shima yaron naji yayi, har da 'yarsa. Masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa, kuma kusan duk sati shi yake fara miƙo min hannu yana tambayar su Baba, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Edita, ina roƙon ku tura wakilanku garuruwan da aka yi gandaye da rinji, su zauna da tsofaffin da suka rage su ji daga bakinsu tun kafin ƙasa ta rufe su, wanda baya so a faɗi sunansa a ɓoye masa. Malaman da ke amsa tambayoyi a shafinku na Juma'a kuma a tambaye su kai tsaye, mayar da kuɗin gaisuwa saboda kakan kakan mutum bawa ne, menene hukuncinsa. Zan yanke amsar in kai wa kawu.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano