Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Asibiti: A Dawo Da Gwajin Jinin Masu Wankin Ƙoda Ta Ciki

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Shekara biyu ke nan mahaifiyata tana wankin ƙoda ta ciki a ƙarƙashin asibitin da kake shugabanta. Kullum sau huɗu nake wanke hannu, in rataye ledar ruwa mai lita 2, in haɗa ta da robar da aka dasa mata a ciki, in jira tsohon ruwan ya sauko. Kafin in zubar sai na ɗaga ledar wajen haske, in duba ko ruwan ya gurɓace. Iyakar abin da idona zai gani ke nan. Sauran sai jini ya faɗa, kuma yau wata biyar ba a auna mata CRP (alamar kumburi a jiki) ko albumin (wani furotin na cikin jini) ba. Duk zuwan da muka yi ɗakin gwaji, amsa ɗaya ce: sinadarin gwajin ya ƙare.

Ranar da ka zaga sashenmu, da bakinka ka ce duk wata uku za a riƙa yi wa kowane majinyaci waɗannan gwaje-gwaje. Ina tsaye a bakin gadonta na ji.

Ka fi ni sanin abin da ke cikin maganar. CRP hanta ce ke fitar da shi idan wani kumburi na ci a cikin jiki, ko da mutum ba ya zazzaɓi, ba ya kukan komai. Irin wannan kumburin yakan tafi tare da ramewa da lalacewar jijiyoyin jini, kuma ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe masu wankin ƙoda. Albumin kuwa, ruwan wankin kansa yana kwashe furotin gram 5 zuwa 15 kowace rana, idan cikin ya kamu da ƙwayar cuta asarar ta ƙaru. Binciken CANUSA na 1996, wanda ya bi majinyata 680 a Kanada da Amurka, ya nuna yadda albumin ke sauka, haka haɗarin mutuwa ke hawa. To mu da ba mu san namu adadin ba, me likita zai kama?

A watan jiya ƙafafun Mama suka kumbura, abinci ya fita ranta, zoben da ta daɗe da shi ya fara zamewa daga yatsa. Likitan ya juya fayil ɗinta shafi-shafi, ya tsaya a kan sakamakon da ya tsufa, ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba, wallahi. An ɗaure masa hannu ne.

Akwai jinkirin kawo ledojin ruwa, akwai ƙarancin nas-nas masu koyar da mu tsaftar roba, amma waɗannan zan iya haƙuri da su zuwa wani lokaci.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, ka tambayi masu sayo kaya inda takardar sinadarin nan ta maƙale. Kafin ya iso, ko ƙidayar fararen ƙwayoyin jini a riƙa yi mana a kai a kai, tana nuna wani abu. Sannan ka sa a liƙa ranar da gwajin zai dawo a ƙofar sashen. Ranar ganin likitanmu ta gaba saura mako uku, kuma zan sake zuwa da takardar gwajin a hannuna.

Naka,
Ɗan wata majinyaciya.