Ranar da aka karrama Yaya a Landan

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Zariya, yaya fama da ɗalibai? Mu nan Birmingham lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san hotuna sun riga wasiƙar nan isa, tunda Hajiya ba ta bar kowa ba, har mai kawo mata nono sai da aka nuna wa a waya. Ka tambaye ni wane digiri ne kuma Yaya ta sake yi da girmanta. Ba digiri ba ne, bayanin kuma ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto. Akwai ma aikin da na ɗauko maka daga can, amma bari mu bi abin daki-daki.

Sunan wurin Royal College of Physicians. Ba makaranta ba ce mai azuzuwa, ƙungiya ce ta likitocin cututtukan cikin jiki, waɗanda ba sa yin tiyata. Ƙofar shigarta ita ce jarrabawar MRCP: rubutattu guda biyu, sai ta uku da ake kira PACES, inda ake tsayar da kai gaban marasa lafiya, masu jarrabawa na gefe suna kallon yadda kake tambaya da yadda hannunka ke duba mutum. Wannan Yaya ta daɗe da wuce ta, ka tuna shekarar da ta rame har Hajiya ta zaci ciwo ne. Matsayin da aka ba ta yanzu, FRCP, wato shiga sahun manyan 'yan ƙungiyar, ba a zauna masa jarrabawa. Sai mutum ya zama babban likita, ya yi shekaru yana aiki, a gabatar da sunansa, a duba abin da ya yi wa marasa lafiya da koyarwa da bincike, sannan majalisar kwalejin ta amince. Shaidar abokan sana'a ce ke nan. Ni a ganina ta fi jarrabawa wuya, domin jarrabawa ana iya dagewa wata shida a ci ta, amma wanda kuke zagayen ɗakin marasa lafiya tare shekara da shekaru ba ka iya ɓoye masa halinka. Kada kuma ka ɗauka kyauta ce zalla, akwai kuɗin da ake biya duk shekara, kuma maigidanta bai fasa tuna mata da hakan ba tun daga tashar jirgi.

Mun sauka a Euston, ni da ita da maigidan da babbar 'yarsu, muka taka da ƙafa, don ginin yana gefen lambun Regent's Park ne, ba nisa. Sarki Henry na Takwas ne ya ba da takardar kafa kwalejin a 1518, bisa roƙon likitansa Thomas Linacre, wanda ya zama shugabanta na farko, a gidansa ma aka fara zama. Na yi maka lissafin da na san za ka yi: shekara 286 ke nan kafin hijirar Shehu zuwa Gudu. Ginin yanzu kuwa na zamani ne, fari mai kusurwoyi, Denys Lasdun ne ya zana shi, aka buɗe a 1964. Tsufan yana ciki.

Akwai wani ɗan ɗaki da na fi daɗewa a cikinsa. Bangonsa lulluɓe yake da tsohon katako da aka ciro daga ginin da suka yi bayan gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye musu mazauni da mafi yawan littattafai. Duk inda suka ƙaura sai su ɓamɓare katakon su tafi da shi. A tsakanin waɗannan katakai aka riƙa titsiye masu neman izinin aikin likita da tambayoyi, baki da baki, cikin Latin. A wancan zamani kwalejin tana da ikon cin tara ko ɗaure duk wanda ya yi wa mutane magani ba da izini ba a Landan da mil 7 kewayenta, tana kuma shiga shagunan masu haɗa magani ta lalata gurɓatacce, irin aikin da NAFDAC ke yi a wajenmu.

Sai dai ba duka don marasa lafiya aka yi ba, akwai tsaron kasuwa a ciki. An yi ƙarnuka ba a ba kowa matsayin da Yaya ta samu sai wanda ya fito daga Oxford ko Cambridge, jami'o'in da su kuma a lokacin sai mabiya Cocin Ingila ke samun digirinsu. Likitan da ya yi karatu a Scotland, komai gwanintarsa, a ba shi izinin aiki, ya biya kuɗi, amma ba shi da bakin magana. Abin ya ishe su, har a 1767 suka fasa ƙofa suka kutsa cikin taron manya. Mata kuwa sai 1909 aka bar su su zauna jarrabawar kwalejin, mace ta farko da ta kai wannan matsayi, Helen Mackay, likitar yara, sai 1934, shugaba mace ta farko, Margaret Turner-Warwick, sai 1989. Yau mai riƙe da kujerar Linacre sunanta Mumtaz Patel, likitar ƙoda daga Manchester, an zaɓe ta a 2025. Ina tsaye ƙarƙashin hotunan tsofaffin shugabanni da hulunansu na gashin doki, Yaya ta wuce cikin leshi da mayafi, na ce a raina da za su iya leƙowa da an ga ikon Allah.

Bikin kansa ba hayaniya, bai kuma ja lokaci ba. Aka ce a miƙe, shugabanni suka shigo a jere cikin alkyabbu, na gaba ɗauke da sandar girma. Akwai wata siririyar sandar azurfa mai macizai a ka, ta shugaba, wadda wani tsohon shugaban, John Caius, ya bayar tun 1556. Sababbin suka ɗauki alkawarin kiyaye dokokin kwalejin da mutuncin sana'a, sannan aka shiga kiran suna ɗaya bayan ɗaya, mutum ya fito, ya gaisa, a tafa, ya koma mazauninsa. In ka rufe ido ka saurari sunayen ba za ka ce a Ingila kake ba. Wasu ma ba a nan suke aiki ba, daga ƙasashensu suka taso don bikin kawai, jibi su koma asibitocinsu. Na so ka ji wannan, saboda gardamar da muka saba yi kan masu tafiya da masu zama. Ba sai mutum ya bar gida ake shaidarsa ba.

Da aka zo kan Yaya, mai kiran ya faɗi sunan Baba daidai, da alama ya yi bita. Nan ne abin ya taɓa ni. Ka san surutun da Baba ya sha wajen dangi kan barin 'ya mace ta wuce sakandare, Allah ya jiƙansa da rahama. Wasu 'yan uwanmu na kudu da ke bayanmu, da aka kira tasu, suka ɓarke da shewa har zauren ya yi dariya. Mu dai muka tafa muka yi shiru. Da gwiwar Hajiya ta bar ta ta zo, da an ji guɗa a Regent's Park.

Kafin abincin dare an bar mu mu zaga. A sama akwai wasu alluna shida na katako daga Padua ta Italiya, na ƙarni na 17, an shimfiɗa jijiyoyin mutum na gaske a kansu, an busar, an shafe da mai, don koyar da ɗalibai. 'Yar Yaya, da ke son bin sawun uwarta, ta ƙi matsawa daga wurin. Ni kam na duba sau ɗaya na yi gaba, domin tunanin da ya zo mini shi ne waɗannan ma 'ya'yan wasu ne, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Daga nan muka ratsa lambun zuwa Babban Masallacin Landan da ke ɗaya gefen, muka yi salla muka dawo.

Tun wajen rajista an tambaye mu abin da muke ci da wanda ba mu ci, saboda haka kifi da kayan lambu aka kawo mana, hankali kwance. Cokula da wuƙaƙe jere dama da hagu, yarinyar ta raɗa mini in fara da na waje in yi ciki. Abinci ya yi daɗi, sai dai ka san cikin da ya saba da tuwo. Da aka miƙe ɗaga kofi don Sarki, muka ɗaga na ruwa, ba wanda ya ko waiwaye mu.

Cin abinci tare tsohuwar al'adar gidan ce. William Harvey, wanda ya bayyana yadda jini ke kewaya jiki a littafinsa na 1628, ya ba kwalejin gonar gadonsa a 1656 da sharaɗin a riƙa yin lacca da walima duk shekara, a tuna da waɗanda suka yi wa kwalejin alheri, a kwaɗaitar da likitoci binciken asirin halitta ta hanyar gwaji, a kuma ja hankalinsu su zauna da juna cikin ƙauna. Tasa walimar daban ce da tamu, a watan Oktoba ake yin ta, kuma har yau ba a fasa ba. Mutumin ya san abokan sana'arsa, ya san in ba a haɗa su a kan akushi ba, gaba ce za ta raba su. Na san za ka ce Ibn al-Nafis ya riga shi bayyana yadda jini ke bi ta huhu tun ƙarni na 13 a Alƙahira. Na faɗa a teburinmu a madadinka, wani likita ɗan Sudan da ke kusa da ni ya miƙo mini hannu. Da ya ji mu Hausawa ne sai ya kawo zancen Mai Wurno da ke kusa da Sennar, garin 'yan hijira daga ƙasarmu, muka ɗan taɓa hirar yaƙin Burmi. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya raba shi da asibitinsa a Khartum, bai so a daɗe a kan wannan ba.

To, ga inda aikinka ya shigo. Wani dattijon likita a teburin ya taya Yaya murna, ya ce cikin raha yanzu ta samu masu rubuta tarihinta ran da ta cika. Ta ce masa ba ta gaggawa. Ashe da gaske yake. Wani mai kula da laburaren kwalejin, William Munk, ya tattara tarihin likitocinta tun daga 1518, ya buga a 1861, na bayansa suka ɗora. Duk wanda ya kai wannan matsayi ya rasu, ana neman wanda ya san shi ya rubuta rayuwarsa, kuma yanzu duk suna intanet, kowa na iya karantawa. A jirgin dawowa na karanta da dama. Ba yabo ba ne zalla. Za ka ga inda aka haifi mutum, sana'ar ubansa, wanda ya koyar da shi, cutar da ya ƙware a kanta, har da cewa yana da saurin fushi ko ɗalibai na tsoronsa, ko kamun kifi ya fi so a kan taro. Yawancinsu ba su gano komai ba, aiki kawai suka yi, amma an rubuta su. Wannan ya fi alkyabba da sandar azurfa tsaya mini a rai.

Ka tare ɗalibin likitanci a Kaduna ka tambaye shi wane ne Barau Dikko, ina jin zai ce maka asibiti ne. Alhali mutumin Wusasa ne, likita na farko daga Arewa, a nan Birmingham ya yi karatu, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya riƙe ma'aikatar ma'adinai da lantarki zamanin Gowon. Farfesa Ishaya Audu an fi tuna shi da shugabancin ABU daga 1966 zuwa 1975 da ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari, an manta likitan yara ne. Farfesa Umaru Shehu ya rasu a 2023. Su waɗannan ma da sauƙi, siyasa da muƙami sun sa an rubuta wani abu a kansu. Ina waɗanda suka riƙe manyan asibitocin Katsina da Azare da Gusau su kaɗai, likita ɗaya ga lardi guda? Ina waɗanda suka tsaya a kan marasa lafiya lokacin sanƙarau na 1996? Ina ungozomomi da malaman asibiti da suka karɓi haihuwar rabin gari?

Shawarata ita ce ka ba ɗalibanka na digiri na biyu mutum ɗai-ɗai. Shafi biyu ya isa, da Hausa da Turanci. Su je wajen iyali da tsofaffin abokan aiki su naɗi hira a waya, su duba Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sharaɗi ɗaya zan roƙa, kada a mayar da shi ta'aziyya, kowa a ce mutumin kirki ne mai haƙuri. A rubuta mutum yadda yake, cikin ladabi. Na yi wa Yaya maganar, ta ce kuɗin motar ɗalibai na farko a wuyanta, ta kuma fara jera sunayen malaman da suka koyar da ita a Zariya. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna nan amma shekaru sun ja, su ya kamata a fara da su.

Za ta zo gida a Disamba in Allah ya kai mu, kuma ta ce za ta kwana biyu a Zariya. Ka duba ko za ku zauna kafin ta wuce wajen Hajiya, ka kuma gaya mini ko shugaban sashenku zai yarda a lissafa wa ɗalibai wannan cikin aikin kwas. In kana da mai zuwa kafin nan, a taimaka mini da daddawa da kuka, namu sun ƙare.

A gaida uwargida da kyau, a shafa mini kan yara, a gaida mutanen majalisa.

Wassalam,
naka amini.