Tsoffin hotunan Sin sun sa ni tunanin Yamai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lahiya.

Ni mai ɗaukar hoto ne nan Yamai, yau shekara ashirin da wani abu ina yi ma mutane hoton katin ɗan ƙasa da na biki. Satin da ya wuce yaron shagona ya nuna mani a waya hotunan da wani Bature ɗan Sikotilan mai suna John Thomson ya ɗauka a ƙasar Sin tsakanin 1868 da 1872, wallahi har kwastoma ya shigo ya fita ban sani ba.

Mutumin nan ba manya kaɗai ya bi ba, akwai masu kwale-kwale, masu aski bakin hanya, 'yan dako, tsofaffin mata da furfura, kai ka ce kasuwar Katako ce ta nan Yamai da hantsi. Kuma lokacin babu fim balle waya, a kan gilashi ake ɗauka, sai ka shafa mashi magani ka ɗauka ka wanke nan take tun bai bushe ba, shi ya sa duk inda ya nufa sai da 'yan dako ɗauke da akwatunan gilashi da tantin duhu, ga mutane na tsoron na'urar har wani wuri jifa aka bi shi da ita. Wanda ya taɓa wanke hoto cikin zafin Afrilu ya san wannan wahala. Su ma 'yan ƙasar suna da nasu gwanin, Lai Afong na Hong Kong, wanda Thomson da kanshi ya yaba ma aikinshi.

Abin da ya tsaya mani a rai, gilasan Thomson yau suna Landan, wajen gidan adana kayan tarihi na Wellcome, ba a Sin ba. To mu fa? Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa Petit Marché ta ƙone a 2012, wa ke da hoton matan da ke saida tumatur a ciki? Ni kaina buhu biyu na nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga shi, gara ta cinye mani a ɗaki, har yau in na tuna zuciyata sai ta sosu.

Don Allah ku isar ma gidan tarihi na Boubou Hama, su buɗe wuri su karɓi tsoffin hotunan da ke hannunmu su sa a kwamfuta. Ina da sauran kwali guda, akwai 'yan ga-ruwa da masunta gindin gadar Kennedy a ciki, ko gobe aka kira ni zan kawo.

Naka mai karatu,
wani mai hoto daga Yamai