Gudun tsaunuka: a fara da tanadin rai kafin maganar kyauta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu kula da harkar wasanni kan wani nau'in tsere da shafukanmu ba su cika waiwaya ba, wato gudun da ake yi a ƙananan hanyoyin ƙafa da ke ratsa mashigai masu tsananin hawa a tsakanin tsaunuka. Mutane da yawa suna ɗauka cewa gudun fanfalaki ne kawai aka mayar da shi kan dutse, kuma wannan fahimta tana da hatsari ga duk wanda zai shiga, balle wanda zai shirya.

Mafi shahara a wannan fanni shi ne tseren Ultra-Trail du Mont-Blanc, da ake taƙaitawa UTMB, wanda aka fara a shekarar 2003 a garin Shamoni na Faransa. Masu tseren suna kewaye tsaunin Mont Blanc ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, tafiyar kusan kilomita 170, kuma idan aka tara dukan hawan da ke cikinta yakan kai kimanin mita 10,000. Ana tashi ne da yammacin Juma'a a ƙarshen watan Agusta, gwanaye su gama cikin kusan awa 20, sauran jama'a kuwa ana ba su awa 46 da ɗoriya, ma'ana sai sun kwana biyu a hanya. A wajajen kilomita na 100 akwai mashigin Grand Col Ferret, mai tsayin mita 2,537 sama da matakin teku, a kan iyakar Italiya da Suwizalan, inda ake hawan sama da mita 700 a cikin tazarar da ba ta wuce kilomita 5 ba.

Wanda ya kalli mutane a wannan hawa zai yi mamakin kiransa gudu, domin kusan kowa tafiya yake yi, ya sunkuya, ya dafa gwiwoyinsa da tafin hannu ko ya dogara da sanduna biyu, yana jan numfashi da ƙyar saboda iskar sama ba ta ƙosar da huhu kamar ta ƙasa. Masu harkar sun san cewa gangarar ce ta fi cin jiki. Kowane taku a gangara birki ne da naman cinya ke takawa, yatsun ƙafa suna dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi ya fita, ga tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin sawu, kuma targaɗe guda a wurin da mota ba ta zuwa ya isa ya mayar da ƙaƙƙarfan mutum abin ɗauka a kafaɗa.

Duk da haka gajiya ba ita ce babbar barazana ba, sanyi ne. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, sannan mashigi wuri ne da iska ke matsuwa tsakanin duwatsu biyu ta ƙara ƙarfi. Mutum ya taso daga kwari jiƙe sharkaf da gumi, ya iso sama ƙarfinsa ya ragu har ba ya iya saurin da zai ɗumama jikinsa, sai ruwa ya tarar da shi. Da farko zai kama karkarwa, daga nan yatsunsa su kasa jan zif ɗin riga, magana ta fara sarƙewa, kuma abin tsoron shi ne hankali yana dushewa tare da jiki, har mutum ya zauna a gefen hanya yana ganin hutawa kawai yake yi. Shi ya sa masu shirya UTMB suka wajabta wa kowa ɗaukar rigar ruwa mai hula, da tocila biyu da batirin ajiya, da usur, da waya, da ruwa da guzuri, da siririn bargon nan mai ƙyalli da ke tsare ɗumin jiki, kuma suna binciken jaka su hukunta wanda ya rage kaya. A shekarar 2010 ma sun dakatar da tseren bayan an riga an tashi saboda yanayi ya ɓaci, ba su tsaya duba ɓacin ran 'yan tsere ba.

Abin da ke faruwa idan aka yi sakaci an gan shi a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayu, 2021. Mutum 172 ne suka shiga tseren kilomita 100 a yankin Baiyin, galibinsu da gajeren wando da 'yar riga, domin rigar kare iska ba ta cikin kayan da aka wajabta. Da tsakar rana, a daidai hawan da ya fi tsanani, ƙanƙara da ruwan sanyi da iska mai ƙarfi suka rufe su, a wurin da babu mafaka kuma agaji ya yi nisa. Mutum 21 suka rasu, cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin fitattun 'yan tseren ƙasar, wanda hakan ke nuna cewa ƙwarewa ba ta hana sanyi kama mutum, hasali ma na gaba ne suka riga isa wurin da abin ya fi muni. Wani makiyayi mai suna Zhu Keming, wanda ya fake a kogon da ya saba fakewa idan yana kiwon tumakinsa, shi ya ceci mutum shida, ya shigar da su ciki ya hura musu wuta. Daga baya hukumomin ƙasar sun hukunta jami'ai da dama, suka kuma dakatar da irin waɗannan tseren na wani lokaci.

Na kawo wannan bayani ne saboda ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. A shekarar 2005 Jihar Kuros Riba ta fara tseren hawan dutsen Obudu, kusan kilomita 11, da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, kuɗin da 'yan Habasha da Kenya suka sha kwashewa kafin gasar ta yi shiru. Maƙwabtanmu na Kamaru kuwa tun 1973 suke tseren hawan Dutsen Kamaru daga garin Buea. A Jihar Taraba muna da tsaunin Mambila, inda ake hawa mai lanƙwasa daga Mayo Selbe kafin a kama hanyar Gembu, ga kuma Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Wuri ne da ya dace da wannan wasa ƙwarai, kuma duk wanda ya san shi ya san yadda hazo da ruwa ke rufe shi ba sallama.

Idan wata hukuma ko wani kamfani ya tashi shirya tsere a can, ina ganin tambayoyin da 'yan jarida ya kamata su fara yi ba na yawan kyauta ba ne, ko na manyan baƙin da za su halarta. A tambaye su tazarar da ke tsakanin wuraren duba 'yan tsere, da ko akwai mafaka da ma'aikacin lafiya a kan mashigin kansa, da yadda za a yi magana da waɗanda ke gindin dutsen a inda waya ba ta kamawa, da kuma wanda ke da ikon cewa a tsaya idan hadari ya haɗo, ko da gwamna na zaune a rumfa yana jiran miƙa kofi. Haka kuma a ɗauki makiyaya da manoman yankin aiki da lada mai kyau, a ajiye su a kan hanyar tun kafin a tashi, domin su ne suka san kowane kwazazzabo da kowace mafaka, kuma sun fi kowa gane alamar hadari a sararin samaniyar wurin.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani mai karatu daga Jalingo, Jihar Taraba.