Godiya ga Matasan Shagon Kwamfuta na Titin Ahmadu Bello, Sakkwato

Assalamu alaikum.

Ni ke riƙe da lissafin wani ɗakin ajiyar kayan masarufi a nan Sakkwato, kuma duk bayananmu suna kan saba ɗaya, wato babbar kwamfuta, mai aiki da manhajar Linux. Tun shigowar bazara ta fara ɗaukewa ba sallama, wani lokaci ana tsakiyar rubuta wa direba takardar kaya. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce wutar NEPA. Mun sayi fanka har biyu, a banza.

Da injiniyanku ya zo bai taɓa ko sukuru ɗaya ba. Ya zauna ya duba /var/crash, inda saba ke ajiye bayanin faɗuwarta, ya tarar wayam. Sai ya ce mini, "Alhaji, na'urar tana son faɗin abin da ke damunta, wurin faɗa ne babu."

Ga yadda ya fahimtar da ni. Akwai tsarin da ake kira kdump: idan kanel, wato zuciyar manhajar, ta faɗi, wata ƙaramar kanel ce ke tashi ta kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ta adana. Ita wannan sai an keɓe mata rabonta na ƙwaƙwalwar, wato RAM, tun lokacin kunnawa, ta hanyar wani saiti mai suna crashkernel. Tamu megabait 128 kawai aka ba ta, alhali sabar tana da gigabait 32 da faifai da yawa, sai wuri ya ƙare mata kafin ta rubuta komai. Red Hat 9 ma, wani nau'in Linux, ga na'ura mai gigabait 4 zuwa 64, megabait 256 take warewa.

Na ce to a ba ta gigabait biyu mu huta. Ya yi dariya, ya ce duk abin da aka keɓe an hana aikin yau da kullum ke nan. Ya sa 256, ya jira bayan isha'i da muka rufe, ya kayar da sabar da gangan don gwaji. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Ta tashi, fayil ɗin vmcore, wanda kdump ke adana bayanan a ciki, na zaune a wurinsa.

Bayan kwana tara ta sake ɗaukewa da kanta. Wannan karon fayil ɗin ya tona asiri: manhajar da ke tuƙa katin netwok ce. Aka sabunta ta, yau wata biyu shiru.

Kuɗin zuwa na biyun ma kun ƙi karɓa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya albarkaci iyayen da suka yi muku tarbiyya.

Naku,
Mai kula da lissafi,
Sakkwato