Ɗalibanmu Su Shiga Gwajin Linux

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Ƙofar Ƙaura, ina roƙon fili in yi magana da ɗalibanmu masu karatun kwamfuta.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba gudu ɗaya take yi ba. In aiki ya yi yawa ta ƙara, in ya lafa ta rage, don batir ya jima, zafi kuma ya ragu. A cikin kanel, zuciyar Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, sashen cpufreq ke riƙe da wannan linzami. Direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da ke ba furosesa umarnin ƙara gudu ko ragewa, sun haɗa da tsohon acpi-cpufreq, da intel_pstate na 2013, da amd-pstate na 2022. In direba ya samu tangarɗa, sai kwamfuta ta maƙale a gudu mafi ƙasa bayan an tashe ta daga barci, wato hutun da take shiga in an rufe murfinta. Mai ita ya zo yana cewa "ta yi nauyi, bairos ne", har ya nemi a goge masa komai, alhali ba nan cutar take ba.

Abin da ke damuna shi ne, wa zai gwada wa masu haɗa Linux waɗannan direbobi a irin yanayinmu? A watan Afrilu zafin Katsina na haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, wuta na zuwa tana ɗaukewa, kwamfutocinmu kuwa galibi na gwanjo ne. Irin wannan wahala ce ke tona asirin manhaja, kuma mu muke da ita.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Kafin sabon kanel ya fito, kusan kowane mako ana sakin na gwaji mai alamar rc. Ɗalibi ya ɗora shi, ya buga umarnin cpupower frequency-info ya ga direban da ke aiki, ya ba injin aiki mai nauyi yana kallon gudun. Sai ya zare caja, ya mayar, ya rufe murfi, ya buɗe. In ya ga gudun bai dawo ba, ya kwafi bayanin dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ya aika wa masu kula da sashen.

Malamanmu na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Kwalejin Hassan Usman Katsina, don Allah ku sa wannan cikin aikin da kuke ba yara. Wanda ba shi da injin gwaji ya zo shagona, akwai tsofaffi guda biyu a ajiye.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Katsina