A Tallafa wa Ƙungiyar Sa-kai ta Unguwarmu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yaba wa ƙungiyar sa-kai ta unguwarmu, wadda da idona na ga mambobinta sun gyara tagogin makarantar firamare da kuɗin karo-karonsu. Yanzu sun buɗe gidauniyar sayen kujeru, saboda yara da dama a ƙasa suke zama suna rubutu a kan gwiwa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba a cire ko sisi daga asusunsu sai mutum biyu sun sa hannu, sannan ma'aji ya karanta lissafin a gaban kowa. Ina kira ga masu hali da su tallafa kafin a koma makaranta.

Naka,
Wani mai karatu